Inda Ruwa Ke Bi

Shekara arba'in da uku ina nan,
ƙarƙashin barandar da aka gina da kuɗin kuza,
ina tona cikin agogo da ɗan tsinke.
Titi na wucewa ta gabana kamar kogi,
ni ko dutsen bakin gaɓa, sai kallo, ba gusawa.

Na san hanyar nan tun tana da inuwa.
Itatuwan turare sahu biyu,
ka fito cikin sanyin Jos, hannu a aljihu,
ganye na sauka a hularka.
Wata shekara aka zo da zarto,
wai mota na neman wurin sakewa.
Mota ta sake, mu muka gasu.
Kwalta ta ci har bakin ƙofa,
mai tafiya a ƙasa ya zama baƙo a garin haihuwa.

Ran Talata yarinyar ta zo,
Kaneng, da hular kwano, takarda naɗe a hammata.
Na ce a raina, ga wani zarton.
Ta ja benci ta zauna, ta gaishe ni har da gajiya,
ta ce, Baba, in ruwan Agusta ya sauko,
ina yake bi, ina yake tsayawa?

Na ajiye tsinke.
Masu awo nawa suka wuce ta nan,
igiyarsu kawai suke tambaya, mu ba a kulawa.

Na kai ta shagon Alabi mai hoto,
ga zanen laka a bango, daidai gwiwa.
Ga kwalbatin da leda ta shaƙe wa wuya.
Ga inda Ifeoma ke ɗora buhun gari kan tebur
da zarar hadari ya haɗo ta kan duwatsun Shere.
Na ce, ruwa ba ya ɓata hanya, 'yata,
ko ka danne shi da siminti, yana nan yana tunawa.

Sai ta warware takardar a kan gilashina.
Barandun nan ba mai taɓa su, in ji ta,
ginshiƙi za a ɗaure, a sake kwano.
Gefen hanya a jera dutsen garin nan,
a bar tsaga tsakani, ƙasa ta sha rabonta.
Fitila ta ci rana da yini, ta biya mu da dare.
Na ce, to, Ladi mai gasa masara fa?
Ban gan ta a zanenki ba.
Ta yi shiru. Ta ciro magogi daga aljihu,
ta share wurin ajiye mota biyu,
ta zana murhu da 'yar rumfa, tana murmusawa.

Da za ta tashi ta miƙo mini agogo,
tsoho, bayansa ya side kamar tsabar kogi.
Na kakanta ne, lebura a ramin kuza,
a titin nan ya saya, da albashin wata huɗu.
Na kara a kunne. Shiru.
Tsatsa ce kawai, na ce, zuciyar lafiya lau,
irin wannan ba a yarwa, sai wankewa.

Takarda ba titi ba ce, na sani.
Na ga zane da yawa sun tsufa a ofis,
gara ta riga magini isowa.

Amma jiya an haƙa ramuka goma sha biyu,
ɗaya daidai ƙofata,
an sa wani ɗan tsiro da bai kai sandata ba.
Idona ya fara hazo, lissafin ba wuya:
inuwarsa ba tawa ba ce.
Duk da haka, in na gama alwala,
ragowar butar a gindinsa nake zubawa.